Bazarar da Na Canza wa Ordinata Ƙwaƙwalwa

Ordinatar da nake magana a kanta, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, baƙa ce, mai kauri, mai nauyi kamar bulo. Na saye ta ne a shekarar da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na ƙarƙashin ƙasa na Akokan, lokacin da iyalai da yawa suka riƙa fitar da kayan ɗaki ƙofar gida suna sayarwa kafin su hau mota su koma kudu. Mai ita wata malama ce da muka yi koyarwa tare, 'yar Tawa, mijinta ma'aikacin ramin ne. Ranar da na je ɗauka ta goge murfin da gefen zanenta, ta ce mini, "Tsohuwa ce, amma ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ki dai yi haƙuri da ita in kin kunna ta."

Ban gane abin da take nufi ba sai washegari. In na danna maɓalli, sai in tashi in ɗora ruwan shayi, in share ɗaki, in dawo in tarar tana ta shiri. Amma in ta farka, to ta farka. Ina koyar da ilimin halittu da na ƙasa ne a wata kolej a Arlit, kuma aikin da nake ba ta ba mai yawa ba ne: buga tambayoyin jarrabawa, shirya darasi, wani lokaci wasiƙa. Baterinta kuwa abin yabo ne. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, takan yi kusan awa uku tana aiki, fankar da ke cikinta ko motsinta ba na ji.

Shekara biyu muna haka, ba ni da ƙorafi. Sai wata ƙawata da ke koyarwa a Yamai ta aiko mini da kile, ɗan abin nan da ake zuba hotuna da takardu a ciki. Ta cika shi da bidiyoyin darasi. Akwai dutse mai aman wuta, akwai tsiro yana fitowa daga iri, akwai zuciyar mutum tana bugawa, ana ganin jini na shiga yana fita. Shekara da shekaru ina zana zuciya a allo da alli ja da shuɗi, yara na kallona kamar na zana albasa. Na ce lallai sai sun ga wannan da idonsu.

Ordinatar ta ƙi. Zuciyar sai ta buga sau ɗaya, ta tsaya, murya ta wuce gaba, sannan hoton ya yi tsalle ya riske ta. Na gwada ya fi sau goma, duk ɗaya.

A kasuwa akwai wani mai gyara, Bakatsine, dattijo mai fara'a, wanda ya daɗe a garin. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da taya da wani Buzu mai sayar da rawuna. Mu muna cewa ordinata, shi kwamfuta yake cewa, kuma ya ce ko zai shekara ɗari a Arlit ba zai canza ba. Na kai masa ita, na nuna masa zuciyar nan mai ɗingishi. Ya juya ta rub da ciki, ya karanta rubutun da ke ƙasa, ya yi murmushi.

Ya ce, "Malama, kin yi sa'a. Irin wannan tsohon ƙira ana iya cire masa furosesa a sa wani. Na zamani an liƙe nasu, ba a taɓawa."

Na tambaye shi mene ne furosesa. Ya ce shi ne ke yin duk lissafin na'urar, in ɗauke shi kamar ƙwaƙwalwarta. Daga nan ƙwaƙwalwa muka riƙa cewa. Ya jawo wani gwangwanin alewa, ya fito da abubuwa biyu nannaɗe cikin takarda. Kowanne bai fi akwatin ashana faɗi ba, siriri, ƙasansa cike da 'yan ƙafafu masu ruwan zinariya.

Ya ɗaga ta farko ya ce, "Wannan matsakaiciya ce. Ta fi taki sauri, amma wutar da take ci daidai da ta taki." Ya ɗaga ta biyu. "Wannan kuwa babba ce. Taki kai biyu masu lissafi gare ta, wannan huɗu. Ita ce ƙarshen abin da kwamfutarki za ta karɓa."

Na ce, "To ai babbar nake so."

"Za ta yi gudu, Malama, amma za ta yi zafi. Kuma za ta sha batir."

Na ce masa a Arlit aka haife ni, zafi ba baƙona ba ne. Ya yi dariya har mai rawuna ya leƙo. Ya sake faɗa mini sau ɗaya, na sake cewa babbar. Sai ya ce in je in yi cefane in dawo.

Kwanakin farko na yi farin ciki ƙwarai. Kafin in zauna da kyau ta riga ta buɗe. Zuciya na bugawa sumul, dutse na aman wuta ba tsayawa. Na tara mutanen gida a tsakar gida da la'asar na nuna musu. Inna ta riƙe ƙirjinta ta ce, "Yanzu haka tawa take yi? Ikon Allah!" Ta sa na maimaita mata sau uku.

Amma tun ranar na lura da ƙarar. Fankar da a da ba na jin motsinta yanzu tana kuka ba hutu. Daga gefen hagu wata iska mai zafi ke fitowa, in na ɗora ordinatar a cinya ba na iya minti goma sai na sauke ta. Sai na koma ɗora ta a kan matashi. Bateri kuwa ya zama abin tausayi. Abin da ke yin awa uku ya koma bai cika awa guda ba, in ina kallon bidiyo ma ba ya kai haka. Sai na riƙa yawo da sharja, wato wayar caji, a jaka, duk ɗakin da na shiga idona na kan bango ina neman wurin jonawa.

Wadda ta fi kowa jin daɗin abin ita ce matar yayana. Ranar wata Alhamis ta yi lalle don bikin maƙwabta, ta zo ta same ni ina aiki, ta zauna a haguna ta miƙa hannuwanta gaban iskar. Na ce mata me take yi. Ta ce, "Ke dai ci gaba da aikinki. Sa mata abin nan mai aman wuta, ya fi zafi." Kafin azahar lallenta ya bushe, ta tafi tana ba maƙwabta labari. Na yi dariya, amma raina bai kwanta ba. Ban dai koma wurin mai gyara ba, don ina jin nauyin in je ya ce ai ya faɗa mini.

Ranar darasin zuciya ta faɗo cikin watan Afrilu, bazara ta kankama. Ajin rufin kwano ne, kuma darasin na ƙarshe ne kafin tashi, lokacin da ko benci ka taɓa sai ka ji ɗuminsa. Babu wurin jona wuta a ɗakin, don haka na cika bateri taf tun da safe. Daraktan makarantarmu, wani mutum mai son sabon abu, ya ji labari ya zo ya zauna a baya. Da yake allon ordinatar ƙarami ne, sai na raba ajin kashi uku, na ce kowane kashi zai zo gaba ya kalla a kan tebur.

Kashi na farko suka zo. Zuciya ta fara bugawa, yara suka zuba ido. Wata ta ce, "Madam, ashe ƙofofi gare ta!" Na ce ƙwarai, na nuna musu yadda suke buɗewa suna rufewa. Suka roƙa a maimaita, na maimaita. A lokacin fankar ta riga ta fara kuka sama da muryar mai bayani.

Kashi na biyu suka zo. Bidiyon ya kai rabi, sai na ga hoton ya fara jan ƙafa, irin yadda yake yi kafin a canza komai. Na kai hannu kan maɓallan na ji kamar murfin tukunya. Ban kai ga yin magana ba allon ya yi baƙi ƙirin, fanka ta yi shiru.

Can daga baya wani ya ce, "Madam, mara lafiyar ya rasu." Ajin ya fashe da dariya, har darakta ya sunkuyar da kai yana girgiza kafaɗa. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi. Kashi na uku kuwa suka fara ƙorafi, su ba su ga komai ba. Sai na sa kowa ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa ya nemi bugun jininsa. Bayan sun samu na sa su tashi tsaye su yi tsalle sau ashirin, su sake ji. Darasin ya ƙare da haki da surutu. Da za mu fita darakta ya ce mini, "Rabin farko ya yi kyau, rabi na biyu ma ya yi. Amma ki kai ta asibiti."

Na koma gida fuska a murtuke. Baba na zaune a rumfa. Mahaifina ya yi shekaru masu yawa yana aiki a ramin Akokan, a ɓangaren masu kula da iska, wato su ne ke tabbatar da cewa iska mai kyau ta sauka wurin masu haƙa, gurɓatacciya ta fito. Tun da ya bar aiki ba shi da abin yi sai sauraron rediyo da gyara fankar maƙwabta in ta lalace. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na.

Ya ce, "Uwata, wa ya taɓa ki?"

Na ba shi labari tun daga kile har zuwa tsallen yara. Bai yi dariya ba. Ya kashe rediyo ya ce in kawo ta. Ta riga ta huce, na jona ta na kunna. Ya sa bayan hannunsa a gefen hagu, ya daɗe yana ji. Sai ya ce, "Nan take fitarwa. Ta ina take shaƙa?"

Na ce ban sani ba. Ban ma taɓa tunanin tana shaƙa ba.

Ya kira Inna ya ce ta ba shi tsinken turare guda. Ya kunna, ya ce in ɗaga ordinatar sama in riƙe. Ya riƙa zagaya ta da tsinken a hankali yana bin hayaƙin da ido. Ta gaba hayaƙin ya miƙe sama abinsa, ta dama ma haka. Da ya kai shi ƙarƙashi sai na ga hayaƙin ya lanƙwashe ya shige wasu 'yan ramuka da ban taɓa kula da su ba.

Ya ce, "Haka muke yi a ƙasa in muna son sanin inda iska ta nufa. A kan me kike ɗora ta?"

Na ce a kan matashi.

Ya dube ni kamar yadda nake duban yaran da ba su yi aikin gida ba. Ya ce, "Kin ƙara ma'aikata a rami, ba ki ƙara musu iska ba, kuma kin zo kin toshe ƙofa da matashi. Ranar Asabar tare za mu je wurin mutumin nan."

Ranar Asabar da hantsi Baba ya sa babbar riga ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Mai gyara ya tashi ya ba shi kujerarsa, suka gaisa doguwar gaisuwa. Ni kuwa ya dube ni ya ce, "Malama, yaya gudu?" Na ce gudu lafiya lau, zafi ne dai. Ya ce, "Na yi zaton zafi ba baƙonki ba ne." Na ce na tuba.

Ya shimfiɗa tsumma ya fara kwancewa. Baba ya miƙa masa abin kwance noti ya ce, "Ga turnabis mai kyau." Mai gyara ya karɓa ya ce, "Madalla da sukudireba, Baba." Baba ya ce turnabis ne. Shi ya ce a Katsina sukudireba ne. Suka bar maganar a nan, kowa da sunansa.

Da aka buɗe, mai gyara ya nuna mana wani siririn bututun jan ƙarfe, wanda ya taso daga kan ƙwaƙwalwar ya tafi har bakin fanka. Ya ce shi ke kwashe zafi ya kai wa fanka ta hura waje. A bakin fankar kuma muka tarar da wani dunƙulen ƙura da zare-zare da ya kwanta kamar audugar katifa. Mai gyara ya dafe kai ya ce laifinsa ne, ranar da ya sa ƙwaƙwalwar ƙaramar ƙofa kawai ya buɗe, bai leƙa fankar ba. Baba ya zaro dunƙulen da hantsaki ya ɗaga sama yana nuna wa mai rawuna.

Na ce, "To shi ke nan, an gano ciwon."

Mai gyara ya ce, "Rabinsa aka gano. Wannan bututun an yi shi ne don ƙwaƙwalwa mai cin wuta wat talatin da biyar. Wadda kika zaɓa arba'in da biyar take ci in aiki ya yi nauyi. Goman nan da ta ƙaru duk zafi take komawa, kuma ba ta da hanyar fita. In zafin ya yi yawa sai ita da kanta ta rage gudu don kada ta ƙone. In bai isa ba ta kashe kanta gaba ɗaya."

Na ce ashe shi ya sa hoton ya koma jan ƙafa a aji. Ya ce shi ne. Gudun da na je nema ma ba na samunsa sai a mintunan farko. Game da bateri kuma ya ce ci uku ake yi masa: ƙwaƙwalwar na ci, fankar da ba ta hutawa na ci, sannan zafin kansa yana tsufar da shi kullum.

Baba dai tuni ya yi nisa a tunani. Ya ce abin mai sauƙi ne. A huda murfin ƙasa a yi ramuka shida, yana da wata fanka da ya cire daga tsohon injin walda, a ɗaura ta daga waje. Mai gyara ya riƙe baki ya ce, "Baba, kwamfutar malama ce, aji za ta riƙa kai ta, ba masaƙa ba." Suka yi ta ja, Baba na zana hanyar iska a bayan kwali, mai gyara na girgiza kai. A ƙarshe suka daidaita. Ba za a huda ba, amma Baba zai yi mata abin ɗorawa. Mai gyara ya goge tsohon man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da bututu, wanda ya bushe, ya shafa sabo mai ruwan toka kamar man goge haƙora. Ya kuma shiga cikin saitin ya rage mata ƙarfi a duk lokacin da take kan bateri.

Abin ɗorawar da Baba ya yi da ragar tsohon firij ne da ƙafafun katako huɗu. Ya yi kwana biyu yana gogewa. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki. Ordinatar ta daina mutuwa, bateri ya ƙaru zuwa kusan awa ɗaya da rabi. Na yi mako uku haka. Sai dai fankar ba ta daina kuka ba, kuma wata rana ina zaune na tambayi kaina: an rage mata ƙarfi don ta zauna lafiya, to me nake yi da kai huɗu? Ga shi kullum ina tafe da ordinata a jaka, ragar firij a hannu, sauran malamai na tambayata ko gasa nama zan yi.

Na koma kasuwa na ce wa mai gyara, "Matsakaiciyar nan tana nan?" Ya ce tana nan, ya ajiye mini ita tun ranar farko. Ya cire babbar ya sa ta. Na ce ya kunna mini zuciyar tun a shagon. Ta buga daga farko har ƙarshe ba gargada, fanka ta taso kaɗan ta koma ta kwanta. Ya ce da yake ta fi tsohuwar sauri, tana gama aiki da wuri ta huta, hutun nan shi ke tanada wuta. Baterin bai koma awa uku ba, don watannin zafin nan sun ci wani abu daga jikinsa, amma yana wuce awa biyu, kuma ya ishe ni darasi. Kafin hutu kashi na uku suka ga bidiyonsu, har sau biyu, don sun ce sun fi kowa jira. Babbar ƙwaƙwalwar kuwa wani mai ɗaukar bidiyon biki ya ɗauke ta. Tasa ordinatar bututu biyu gare ta, kuma na ji an ce sun zauna lafiya.

Abin da ban zata ba shi ne Baba. Bayan Asabar ɗin nan ya sake komawa shagon, wai zai karɓo hantsakinsa da ya manta. Ya koma bayan kwana biyu kuma, wai zai nuna wa mutumin wata dabara. Yanzu kusan kullum da hantsi yana can, a kan wani benci da aka sa masa a bakin ƙofa. Duk na'urar da aka kawo tana zafi, mai gyara ya buɗe, ya miƙa wa Baba fankar ya share. Inna na mita cewa hannun rigunansa duk sun ɓaci da man toka, kuma tuwon rana na hucewa kafin ya dawo.

Kwanakin baya na biyo ta kasuwa zan sayi tumatir na lambu, na hango Baba da wani direban babbar mota da ya kawo ordinatar ɗiyarsa, ya ce a sa mata ƙwaƙwalwa mafi girma da ake da ita. Baba ya gyara zama, ya ce masa, "Zauna tukuna, Alhaji. A ina take aiki da ita, kuma me take yi da ita?" Direban ya zauna. Mai gyara ya ɗaga mini hannu daga ciki, na ɗaga masa, na wuce wurin masu tumatir kafin rana ta yi.